Takardar da Inna Ta Wanke Na Sha

Salamu alaikum jama'a. Shekara kusan arba'in ban taɓa faɗar wannan a fili ba, kunya nake ji. Ban iya rubutu ba, ina faɗa ne yarinyar nan tana danna waya. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta.

Muna ƙauye wajen Bunkure, ana ɗibar tumatir. Tana kwana ashirin a duniya nonona na hagu ya kumbura, ya yi tauri. Ga zazzaɓi, ga rawar ɗari.

Babanta ya baro ban-ruwa ya kai ni ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya ce, "Wannan ya yi ruwa, sai babban asibitinmu na Kano." Ya rubuta takarda ya ce in riƙe da kyau.

Matan gida suka ce a Kano yanke nono ake. Na ƙi tafiya.

Inna, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta jujjuya takardar ta ce, "Ke yarinya, rubutu ai sha ake." Ta wanke a ƙoƙo, na shanye tas.

Kwana biyu, na daman ma ya fara ƙafewa. Jaririya ta daina ko kuka. Shirun nan ne ya tashe ni, ni da Inna muka kama hanyar Kano.

A Kano nas ta ce, "Ina takardarki?"

Inna ta ce, "Tana cikinta."

Nas tana dariya har da dafa tebur, ni ina kuka, na ɗauka korar mu za a yi.

Ashe ɗakin maganin ƙauyenmu da asibitin nan duk gida ɗaya ne. Motar da ke kai musu magani ita ke dawowa da kwafin takardu. Nas ɗin ta bincika ta samo sunana, har da abin da malamin ya gani. Ko sabon kati ba mu yanka ba.

Aka ɗebi jini, aka ɗan tsaga, aka matse mugunya. Likita ya ce, "Ba abin da za mu yanke. Ci gaba da ba ta ɗayan."

Kwana biyar aka sallame ni. Wankin ciwo da allurai a ƙauye na ƙarasa, maganina ma ya riga ni isa. Malamin ya ce, "Inna, wannan karon ƙwaya za a sha."

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa nas ɗin nan, ya kai rahama kabarin Inna.

'Yan'uwana mata, nono ya yi tauri ki tashi ran nan. In an tura ki gaba ki je, takardar a hannu.

Ga wadda ta sha nonon nan, dariya ta hana ta rubutu.