Allon Lissafin Autata

Shekarar da autata za ta cike fom ɗin jami'a, ta dawo daga makaranta ta same ni a zaure, idonta ya yi ja. Kimiyyar kwamfuta take so, amma malaminsu ya ce wanda lissafi ke ba wuya ya nemi wani fannin. Ita kuwa da ƙyar take haye shi.

Na ce, "Uwata, Tabaraka kwana nawa ta yi a allonki?"

Ta ce, "Baba, ai ta kusa wata. Har kuka na yi."

"Yau kina tuntuɓe a cikinta?"

Ta girgiza kai.

Ranar kasuwar Daura na sayo sabon allo, domin ba na haɗa na Alƙur'ani da wani rubutu. Na ce ta rubuta tambayar lissafi guda ɗaya da tawada, kada ta wanke sai ta iya warware ta ba tare da duba littafi ba. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ƙawayena za su ce na koma makarantar allo."

Haka ta yi duk daminar nan, kullum bayan la'asar. Wata tambayar kwana huɗu take yi ba a wanke ba. Da ta zo cike fom, kwamfutar ta zaɓa.

Yanzu tana shekara ta biyu a Katsina. Lissafin har gobe yana ba ta wuya, tana kuma cin sa, alhamdulillahi. Allon yana cikin akwatinta.