Harafin da na ƙi maimaitawa

Daminar bana shekara bakwai ke nan da aka fita da Mushe daga gidan nan zuwa makwancinsa. Ni na haife shi. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, hannuna bai san alƙalami ba. Faɗa nake, ɗiyarsa Barira tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Mushe ba sunansa ba ne, sunan aikinsa ne, haka yaran Madarumfa ke kiran malamin lakwal. Shi ne ɗana na fari, a wurinmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Yana ƙarami "kai" nake ce masa. Da ya fara koyarwa sai na ari na yara. Har mai sayar da kifin bakin tafki da ke da irin sunansa, "mai sunan Mushe" nake kiransa. Haka uwata ta yi, haka na tarar, ban taɓa jin nauyin abin ba.

Ana nan, ana nan, sai ya dawo daga Maradi da ordinater, wato kwamfuta, tsohuwa, irin wadda ake ninkewa kamar faifai biyu. Ya sa mata wani abin koyar da baƙaƙe, ya zauna ya cika shi da muryarsa. In ka danna harafi sai ya faɗe shi da kalmarsa: A, akuya. G, gero. K, kifi. Sai ya yi shiru, yana jiran ɗalibi ya maimaita. Bayan shirun ya ce, "Madalla."

Don yaran ajinsa ya yi, amma a kaina ya gwada. Ina ɓarar gyaɗa zai ajiye ta kan tabarma, ya kama yatsana ya danna. Da muka kai wani harafi, sai na ji abin ya faɗi sunansa. Sunansa na yanka, tiryan-tiryan.

Ya ce, "Inna, a lakwal in malami ya faɗa, ɗalibi maimaitawa yake."

Na ce, "Ɗauke mini wannan marar kunyar, kai da ita."

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Na koyi baƙaƙen duka a wannan shekarar, ban da wannan ɗaya.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ana tsakiyar noman farko. Ban yi kuka mai yawa ba. Rigunansa aka yi sadaka da su, babur aka sayar, matarsa ta gama takaba ta koma Gabi. Ordinater ta faɗo cikin rabon Barira, ita kuwa ta bar mini ita a ɗaki. Kowace Juma'a da hantsi, in akwai kuran, wato wutar lantarki, nakan buɗe. Na san inda ake dannawa. Ba na jin daɗi, ba na jin zafi. Ina dannawa ne kamar yadda ake ba akuya ruwa. In na iso wannan harafin, ya faɗi sunansa, ya jira, in yi shiru, ya ce, "Madalla." Shekara bakwai yana yi wa shiruna madalla.

Bara Barira ta shiga jami'a a Maradi, tana karatun gona. Malamansu suka ce kowa ya sa wani abin zana taswirar gonaki a ordinater tasa. Ta gwada a ta ubanta, ta ƙi karɓa. Ba ta gaya mini ba. Ta yi ta bin ƙawaye tana aro, mai abu kuwa sai ya gama nasa. A bakin maƙwabciya na ji cewa aikinta bai kammala ba, in kuma bai kammala ba za ta maimaita shekara.

Na ce, "Ke, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Tsohuwa, in raba ki da malaminki? Wa zai koya miki akuya?"

Muka shiga mota zuwa Maradi wurin Lawali, mai gyaran irin waɗannan kaya. Ya buɗe, ya duba, ya ce ƙarfen lafiyarsa lau. Tsarin da ke tafiyar da ita ne tsoho, na talatin da biyu, abin Barira kuwa sai na sittin da huɗu. Na ce ya yi mini Hausa.

Ya ce, "Hajiya, kamar rumbu ne. Ba a faɗaɗa shi da hatsi a ciki. Sai an kwashe, an rushe, a sake gini a wurin. Hotuna da takardu duk zan kwashe in mayar. Amma abin baƙaƙen nan ya tsufa ƙwarai, sabon tsarin ba ya buɗe irinsa."

Ya ce zai iya ciro muryar ya sa mini a waya, ta riƙa zubowa daga farko har ƙarshe. Na ce wannan ai rediyo ne. Rediyo ba ya jiran kowa.

Na nemi kwana. Muka dawo gida, na yi ta tambayar kaina abin da Mushe zai ce. Ban sha wahalar samun amsa ba. Mutum ne da ba ya iya ganin sabon abu ya wuce. Da yana nan ya ga yaran yau, kowa da waya a tafin hannu, masunta ma suna cinikin kifi da ita, da shi ne zai fara rushe rumbun, yana fito. Da ya ji ɗiyarsa na yawon aro alhali ga ordinater a ɗakina ƙarƙashin zane, da ba zai yi mini faɗa ba, bai taɓa yi ba. Zai dai dube ni.

Ranar da muka koma, rana ta take, 'yan kabu-kabu na ta hayaniya a ƙofar shagon. Na ce Lawali ya dakata. Na zauna kan benci na faro daga akuya, ina maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Barira ta fita waje ta juya baya. Da na iso harafin, ya faɗi sunansa. Ya jira.

Na faɗa.

Ya ce, "Madalla."

Ƙasa ba ta tsage ba. Hawaye bai zo ba. Abin da kawai na lura, sunan gajere ne, bai kai numfashi ɗaya ba. Na ce, "Lawali, rushe."

Barira ta gama aikinta, ta wuce aji na gaba. Ordinater tana wurinta, ta ce yanzu gudu take. Muryar kuwa Lawali ya sa mini ita a waya, ban kunna ba tukuna.

In an tambaye ni me ya rage na Mushe, ga shi. Akwai manyan samari a garin nan da in sun ga K sai su ce kifi da irin muryarsa. Akwai yarinya mai zana gonakin Safo da ƙarfen ubanta. Akwai tsohuwa da ke iya karanta allon bakin hanya, a hankali, harafi bayan harafi, yanzu ba ta tsallake ko ɗaya.

Barira ta ɗaga alƙalami tana tambaya ko ta rubuta sunan a nan, tunda a jarida za a buga. Na ce a'a. Na faɗa wa mai shi, ya kuma amsa. Allah Ya jiƙansa.