Tutar Da Ta Juya Baya

Jabez Bloor bai taɓa cire riga a wurin aiki ba, ko da kuwa bakin tanderun da ake gasa kayan tangaran ne, inda zafi ke sa kowa tuɓewa. Abokan aikinsa a Burslem har suna ce masa amarya. Sai ya yi murmushi kawai ya ɗora akwatin kofuna a ka ya wuce. Bayansa cike yake da tabon bulala, irin wanda ba a samu sai a jirgin ruwan yaƙin sarki.

Yana da shekara goma sha tara aka kama shi da ƙarfi a bakin teku aka jefa shi jirgi. Shekara bakwai ya yi. Ranar da aka kawo jirginsu gyara ya sulale, ya yi ta tafiya har ya iso garin da ba a jin ƙanshin gishiri, ya ce shi manomi ne. Wanda ya gudu irin haka, in an kama shi, bulala ce ko rataya.

A farkon 1806, bayan babbar nasarar da aka yi kan jiragen Faransa, kowa na son kofi mai hoton jirgi. Enoch Tams, tsohon da ke sassaƙa zane a farantin tagulla don a buga a jikin kofuna, ya sauko lokacin cin abincin rana da sabon zanensa na jirgi yana nunawa. Tams bai taɓa ganin ruwan da ya fi magudanar kwalekwalen gari faɗi ba.

"Kai, Baba Tams, kamar ya tashi ya tafi!" in ji wani.

Jabez na tauna burodi da cuku, ya leƙa. "Tutar nan gaba za ta yi, ba baya ba. Ai iskar daga baya take tura shi."

Maganar ta riga ta fita. Aka yi dariya, wani ya ce, "Ji manomi da sanin jirgi!" Tams bai yi dariya ba. Ya dube shi ta saman tabarau, ya naɗe takardarsa ya hau bene.

Kwana uku Jabez ya yi cikin fargaba. Akwai lada ga duk wanda ya tona mai gudu, ga kuma sojoji masu ɗaukar kurata sun sauka a kasuwa da gangarsu. Ya ɗaure kayansa ya kwance, ya sake ɗaurewa. Da wani ya kira sunansa ta bayansa, sai da akwati ya kusa suɓuce masa.

Rana ta huɗu Tams ya aiko kiransa. Ya hau benen. Tsohon ya rufe ƙofa.

"Shekara nawa ka yi?"

"A gona, Baba?"

"Kada ka raina mini hankali, ɗana."

Jabez ya dubi taga, ya ga ta yi nisa da ƙasa. "Bakwai."

Tams ya turo masa takarda da alƙalami. "Matuƙan jirgi ne za su sayi kofunan nan a Liverpool. Ba na so su yi mini dariya da furfurata. Nuna mini inda kowace igiya take. In an tambaye ni, sai in ce hoto wani ɗan'uwana ya aiko mini."

Jabez ya zana igiyoyin, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka taɓa yanke masa tafi.

Kofunan sun yi kasuwa, Tams ya sha yabo. Amma hankalin Jabez bai kwanta ba, don tsohon na son giya, kuma giya na son surutu. Duk Asabar sai ya zauna kusa da shi a mashaya yana sauraron bakinsa, ya raka shi gida. Shekara tara suna haka, har yaƙi ya ƙare. Tams ya rasu a hunturun da ya biyo baya bai gaya wa kowa ba, Jabez na cikin mutum huɗun da suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa coci.