Yadda Kawu Iliya Ya Zama Baƙo a Jirgin Ƙasa

Ku da kuka zauna da Kawu Iliya a Gazara kun san ba a gaya masa magana ya karɓa haka nan. Komai ka faɗa, kafin ka rufe baki ya jefo maka tasa: "In ji wa?" Ka ce masa, "Kawu, yau an sha ruwa," ga shi tsaye rigarsa sharkaf, sai ya ɗaga gira ya ce, "In ji wa? Wannan yayyafin?" Ranar da aka zo masa da albishir an haifa masa jika, sai da ya ce in ji wa, har mai albishir ɗin ya fara shakkar kansa. Ni da na tashi a hannunsa tun rasuwar mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa, sai da ta kai in zan ce masa abinci ya sauka sai na zo da kwanon a hannu.

Wannan gardamar ya ɗauka ya kai wa likita a Zariya lokacin da matarsa, Inna Asabe, ta fara mantuwa. Da farko dariya muke yi. Ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, ta yi ta neman tsintsiya alhali tana hannunta. Daga baya ta fara tambayar mutanen da suka daɗe da komawa ga Allah, dariyar ta ɗauke mana. Likita ya zaunar da mu ya ce ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba ya warkewa, kuma wata rana za ta kalli mijinta ba ta san shi ba.

"In ji wa?" Kawu ya ce. "Yaro, kana ina aka ɗaura mana aure? Matar da ko tarina ta jiyo daga bayan katanga ta san ni ne?"

Ana cikin haka autansu, Yaya Bashir, wanda yake aiki a Jamus, ya bugo waya. Ya ce auren iyayensa zai cika shekara hamsin, yana so ya zaga da su ƙasashen Turai, a kujerun manya a jirgin sama, a taragon manya a jirgin ƙasa.

"Bikin me?" in ji Kawu. "Aure ya yi shekara hamsin shi ne sai an yi shela? Gonata ta rake ta fi haka daɗewa a hannuna, wa ya taɓa kai ta yawo?" Ya kashe wayar ya miƙo min kamar ta ɓata masa hannu.

Abin da ya karya shi daban ne. Inna ta tsiri wani abu: kullum da safe ta yafa mayafi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da takalmanta a ƙafa. In ka tambaye ta ina zuwa, sai ta ce, "Malam ya ce zai kai ni in hau jirgin ƙasa." Ashe tun tana amarya, da aka kawo ta daga Kudan, Kawu ya yi mata alkawarin zai kai ta Kano a jirgin ƙasa. Bana ya ce sai an sare rake, baɗi ya ce sai an sayar, haka shekaru suka yi ta tafiya. Ta manta sunayen jikokinta, amma wannan alkawarin yana nan daram. Da kansa ya sa na kira masa Yaya Bashir.

"Kai, wannan shirmen naka, ka ce da jirgin ƙasa a ciki?"

"Akwai, Baba. Kuma akwai manyan likitoci a nan da za su duba ta."

Kawu ya ce, "To. Amma ba don bikinka ba."

Ni aka ɗauka in kula da Inna. Wayyo, na ga ta kaina! Rabin akwatin Kawu mazarƙwaila ce, ta gonarsa, wai ba zai sha shayi da sukarin da bai san uwarsa ba. A cikin jirgin sama kuwa, da ya ga an raba kujerarsa da ta Inna da wani ɗan allo, sai ya miƙe tsaye ya ƙi zama.

"Dije, wannan katangar fa? Shekara hamsin ba shamaki tsakanina da matar nan, sai yau da aka ce bikinmu ake yi? Ce wa yarinyar can ta rushe ta."

Ma'aikaciyar jirgin ta zo da fara'arta ta danna wani abu, allon ya sauka. Kawu ya ji daɗi har ya zaro mazarƙwaila daga aljihu ya ba ta tukuici. Da ta nuna masa kujerar tana miƙewa ta zama gado kuwa, cewa ya yi Allah ya sawwaƙe, shi ba zai miƙe a gaban jama'a kamar ana jiran a sallace shi ba. A zaune ya isa Turai, ƙiƙam, hannunsa a kan na Inna.

Muna sauka aka buɗe akwatin. Jami'in kwastan ya ɗago dunƙulen mazarƙwaila yana jujjuyawa, yana shinshinawa. Kawu ya gutsuro ya kai masa saitin baki.

"Ce masa ya ɗanɗana."

"Kawu, ba a haka a nan."

"In ji wa?"

Da ƙyar Baturen ya sallame mu yana girgiza kai. Kawu ya ce ya gane shi sarai, tsoro yake kada ya ɗanɗana ya saba.

Likitan can ya duba Inna, ya faɗi abin da na Zariya ya faɗa, sai dai shi a kan kujera mai laushi ya zaunar da mu. Yaya Bashir ya fassara. Kawu ya ce duk bakinsu ɗaya, makarantarsu ɗaya, ya ja hannun matarsa muka fito. Amma na ga yadda ya kasa saka takalminsa daidai a bakin ƙofa.

Daga nan muka shiga jirgin ƙasa. Kai, jama'a! Da kun ga fuskar Inna ranar farko. Ta manna goshi a gilashi tana ta "Ikon Allah, ikon Allah," kamar yarinya ranar salla. Shi kuwa Kawu ba ruwansa da gine-gine, ba ruwansa da tsofaffin fadoji, gonaki kawai yake leƙe. Ya ce gona ga ta har gona amma ba mutum ko ɗaya a ciki, ko aljanu ke yi musu noma? Ya ce ƙasa duk faɗinta ba karan rake ko ɗaya, to me yaransu suke tauna? Aka kawo abinci a faranti faɗi-faɗi, ɗan nama a tsakiya da ganye biyu, ya kalla ya ce a mayar, wani ya riga ya ci. Can kuma ya dafa Yaya Bashir.

"Je ka ce wa direban ya rage gudu."

"Baba, ba mota ba ce."

"Ina ruwana? Uwarka ba ta gama ganin abu ba ya wuce. Tun tana yarinya take jiran jirgin nan, shi ne zai yi ta fizge mata gari?"

Ranar da auren ya cika hamsin cif muna cikin duwatsun Suwizalan, za mu gangara Italiya. Yaya Bashir ya shirya da ma'aikatan jirgin su kawo kek bayan azahar. Kawu da Inna suna zaune kafaɗa da kafaɗa, mu muna fuskantarsu. Sai jirgin ya shiga wani dogon rami a cikin dutse, tagar ta yi baƙi ƙirin, aka daɗe ana tafiya ba a ganin komai. Da muka fito haske, Inna ta juya ta kalli Kawu. Ta kalli hannunsa a kan nata. Ta zare hannunta a hankali, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta.

"Bawan Allah, lafiya?" ta ce. "Ni matar aure ce fa."

Innalillahi. Yaya Bashir ya buɗe baki, "Inna, Baba ne," Kawu ya ɗaga masa hannu. Na jira in ji kalmar nan tasa, wallahi har addu'a nake ya faɗe ta, bai faɗa ba. Ya miƙe ya gyara hularsa.

"Yi haƙuri, Hajiya. Kuskuren kujera na yi."

Ya tsallaka hanya ya zauna a ɗaya gefen, ni na koma kusa da ita. A daidai nan ma'aikatan suka iso da kek suna tafi. Ba wanda ya taɓa shi.

Da aka ɗan jima ya leƙo, cikin ladabi irin na baƙo, ya gaishe ta. Ta amsa ba ta kalle shi ba.

"Hajiya, ina maigidan?"

"Yana gona. Ina zai je ya bar rake?"

"Allah sarki. Wane irin mutum ne?"

Ta yi 'yar dariya a cikin mayafi. "Hmm! Gardama. Da yana nan da ya ce wannan ma ba jirgi ba ne."

Kawu ya yi dariya har da buga cinya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na yi, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Sai Inna ta ƙara, tana kallon taga:

"Shi ya ce zai kawo ni. Bai kawo ni ba. Yaran nan ne suka ji tausayina."

Kawu ya juya ya kalli tasa tagar.

Mun sa rai za ta dawo hayyacinta da safe, kamar yadda takan yi. Ba ta dawo ba. Sauran tafiyar, Italiya da Faransa, Kawu a ɗakin Yaya Bashir yake kwana. A titi yana bayanmu da 'yar tazara, a jirgi yana tsallaken hanya. A jirgin saman dawowa da kansa ya roƙi ma'aikaciya ta ɗaga allon nan, don Hajiya ta sake. Na kawo hotunansu a waya zan nuna mata, ya hana ni.

"Mace tana tsare min mutuncina a ƙasar da ba wanda ya san ni, ke kuma ki ce ta daina? Ƙyale ta."

Da muka dawo Gazara ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, a gidan da ya gina da hannunsa. Mutane suka yi ta ba da shawara, a kira liman ya gaya mata, a yi rubutu, a yi kaza. Rubutun ya karɓa, sauran ya ce a bar masa matarsa ta huta. Kullum bayan ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a bakin labulenta ya yi sallama.

"Hajiya, an tashi lafiya? Maigidan ya dawo?"

"Bai dawo ba tukuna."

"To, in ya dawo a gaishe shi."

Ya ajiye mata gutsuren rake da ya fere a bakin ƙofa ya juya. Wani lokaci in ya fito sai ya ce min, "Dije, mijin matar nan ba shi da kirki ko kaɗan, ya bar ta ita kaɗai." Yana faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta da daɗin ji. Ya rame, ya daina musu da kowa. Ranar da na ce masa farashin taki ya sauka ya ce min "To, madalla," na shiga ɗaki na yi kuka, don na san Kawu ya tafi tun yana raye.

Bai ga saran raken bana ba. Zazzaɓi na 'yan kwanaki, shi ke nan. Mun gaya wa Inna, ta ce Allah ya jiƙansa, waye? Malamai suka ce takaba tana kanta ko ta sani ko ba ta sani ba, don haka muke tsare da ita a ɗaki, tana zaman rashin mijin da take jira ya dawo daga gona. Ban taɓa ganin abu mai ciwo irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Shekaranjiya da safe ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ɗaga kai ta kalli labule.

"Dije, baƙon nan da muka hau jirgi tare ya daina zuwa gaishe ni."

Na ce, "Ya yi tafiya, Inna."

"Ayya. Mutumin kirki. Kullum a tsaye a waje, ko ruwa ban taɓa ba shi ba." Ta gyara mayafinta. "In ya dawo ki shimfiɗa masa tabarma ki ce ya shigo. Malam ba zai ce komai ba."

Allah ya jiƙan Kawu Iliya, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya haɗa shi da Inna a inda ba a mantuwa, ta ɗaga ido ta gane shi. Amin.