Ƙullin da Ba Nawa Ba

Ni ban yi karatu ba, in ban da surorin da nake sallah da su. 'Yata Saratu ce ke zaune a gabana tana rubuta wannan, a gidanta da ke Dutse, inda aka dawo da ni bayan na fita takaba. Ta ce in ba ta labarin ƙuruciyata don 'ya'yanta su sami abin karantawa. Na ce to, amma in na fara kada ta tare ni, in kuma ta ga ina kuka ta ƙyale ni, ta ci gaba da rubutunta.

A wani ƙauye ta wajen Miga aka haife ni. Idan an gama girbi, rumbuna sun cika, sanyi ya sauko, sai mu taru a ɗakin kakata ta wajen uwa, wadda duk gari ke kira Iya Babba. Bayan sallar isha takan hura wuta da karan dawa a tsakar ɗaki, ta zube mana gyaɗa a faifai mu riƙa ɓarewa, don ita ba ta ba da tatsuniya kyauta. In hannunmu ya tsaya, bakinta ma sai ya tsaya. Hayaƙi na cin idonmu, mun matse cikin zane ɗaya, muna jin awakinta na motsi a bayan ɗaki. Ba ta buɗe labari yadda sauran mata ke buɗewa. Sai ta tura kara cikin wuta ta ce baƙuwa ta iso bakin ƙofa. Mu ce ta shigo. Ta leƙa faifai ta ce baƙuwar ta ce ba ta shiga gidan malalata.

Akwai wadda take yawan maimaita mana, ta zabuwa da damo. Wai zabuwa ta auri damo saboda duk daji an shaide shi. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, ko taka shi aka yi shi ke fara gaisuwa. Da damina ta sauka, zabuwa ta yi gurbi cikin ciyawa ta fara saka ƙwai. In ta tafi kiwo sai damo ya lallaɓo ya haɗiye, ya koma ya miƙe a hantsi. Ta dawo ta tarar da gurbi wayam. A nan Iya kan sassauta murya ta kwaikwayi damo, ta yi ta da daɗi kamar mai lallashin jariri:

"Wane ƙwai kuma, baiwar Allah? Yau ai ba ki saka ba. Jiya ma haka kika ce. Zo ki huta, kanki ne ya yi miki nauyi."

Zabuwa ta sake gurbi, ya bi sawunta ya haɗiye. Ya ce mata ta gani ko, kullum sai ta sake wuri, ta yaya za ta tuna inda ta saka? Ta yi ta susar kai tana tunani, ta yi ta susa, har gashin kanta ya zube, kuma wai shi ya sa har gobe kan zabuwa ba gashi. Nan mukan fashe da dariya har gyaɗa ta zube.

Ran nan sai ta ga ɓawon ƙwai manne a haɓar mijinta. Ta tara namun daji ta gaya musu. Suka dubi damo yana kwance shiru, ido a lumshe, ɓawon na nan a haɓarsa. Suka dubi zabuwa, kai ba gashi, tana ta kururuwa tana zagaye wuri ɗaya. Sai suka ba damo haƙuri, suka watse.

Daga nan Iya ta ce baƙuwa ta ɗauki takalminta ta tafi, kowa ya je ya kwanta. Ni kuwa ƙarshen nan bai taɓa yi mini ba. Wata rana na ce mata wannan ba tatsuniya ba ce, tunda ba a yi wa damo komai ba. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Hajjo, ba don a hukunta damo nake ba ku ita ba. Don ki san zabuwa ta saka ƙwan ne."

Ban gane ba. Na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Ita ce kuma ta koya mini ɗaure akuya. Ni bahaguwa ce kamar ta. An dake ni har na koyi cin tuwo da dama, amma igiya da hagu nake kamawa. Ta nuna mini wani ƙulli nata: komai jan akuya ƙara matsewa yake yi, amma mai shi in ya ja jelar igiyar da ke gefen hagu, nan take ya warware. Shi nake yi tun ban kai tsayin turmi ba.

Ba wanda ya tilasta mini auren babansu Saratu. Ni na so shi, kuma an taya ni murna. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Dabino yake saye yana kaiwa kasuwanni, gidansa na wani ƙauye kusa da duwatsun nan na Dutse. Mutum ne mai tsafta, mai daɗin baki. In 'yan'uwa sun yi rigimar iyakar gona shi ake kira. In ya fito masallacin Juma'a yara na biye da shi yana raba musu dabino daga aljihu.

Abin ya fara da ƙanana. In baƙi suka yaba miyata, bayan sun tafi sai ya ce kunya ce ta sa su, gishiri ya yi yawa, na zubar masa da mutunci. Ya ce in dafa dambu, in na dafa ya ce shi tuwo ya ce. In ajiye wuƙata a kan katanga in tsince ta cikin randa. Ya gaya mini maganar da na faɗa wa ƙanwarsa, wadda ban tuna na faɗa ba, ya sa in je in roƙi gafara. Duk wannan a hankali yake yi, da murmushi, wani lokaci har ya dafa kafaɗata. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Da ya dake ni, da na sami abin nuna wa mutane.

Da na yi haihuwar fari, innata ta aiko mini da akuya. Ta yi albarka, tana haifar biyu-biyu, har matan unguwa suka fara cewa hannuna na da kyau da kiwo. To, a ƙauye in an yi shuka, mai unguwa kan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbobinsa, kuma babu abin kunya ga mace kamar a kamo akuyarta a gonar wani. Wata safiya aka jawo tawa daga gonar waken maƙwabcinmu. Na rantse na ɗaure ta. Babansu bai yi faɗa ba. Ya sa hularsa ya je har ƙofar mai gonar ya durƙusa, ina jin sa ta kan katanga yana cewa a yi mini uzuri, tun haihuwar nan ban dawo daidai ba, shi kaɗai ya san abin da yake gani a cikin gida.

Aka sake kamo ta. Aka kuma sakewa. Na koma in na ɗaure sai in dawo in duba, in tafi in sake dawowa, ina jan igiya har tafin hannuna ya yi kanta. Shi kuwa ya kira mutane su ga yadda nake zarya tsakanin ɗaki da turke. Aka kai ni wurin malamai, na sha rubutu, na sha hayaƙin magani har na fara tari. Mata suka daina bar mini 'ya'yansu in za su unguwa. Aka daina kira na girkin biki. Ni da kaina na yarda. In na ga hadari ya haɗo sai na tambaye shi ko shi ma ya gani.

Sau ɗaya na yi yaji. Kafin in huce ya iso gidanmu da buhun dabino da hawaye, yana cewa shi ba ya gajiya da ni, lalura ce, kowa da jarrabawarsa. Babana ya riƙe hannunsa yana sa masa albarka. Innata ta ja ni ɗaki ta ce irin wannan miji sai an yi addu'a ake samu. Iya Babba ta riga ta rasu a lokacin. Na bi shi muka koma.

Ranar da na gane, da safe ne, rana ta ɗan ɗaga. Na fito na tarar da akuyar ba a turkenta ba, tana ɗaure a ƙafar rumbu, ta yaga buhun irin wake da babansu ya jingine a wurin, ta ci ta watsar. Ya riga ya kira wansa ya zo ya gani. Yana gaya masa wai da magariba ya gan ni da idonsa ina ɗaure ta a nan, ya yi mini magana, na dube shi kamar ban san shi ba. Kunya ta rufe ni. Na durƙusa in kwance ta, hannuna na hagu ya tafi inda jelar igiya take zama, bai same ta ba. Na lalluba. Jelar tana gefen dama, ƙullin kuma irin na maza ne da ake ɗaure kaya a kan jaki, sai da haƙori na kwance shi. Hannuna ya riga kaina ganewa. Ina durƙushe a wurin, wake a watse, sai na ji muryar Iya kamar tana bayana da karan dawa a hannu.

Na ɗaga kai na ce wannan ba ƙullina ba ne.

Ya dube ni, kuma na ga ya san na sani. Sai ya juya wurin wansa ya girgiza kai. "Yaya, ka ji ko? Yau kuma igiya ce za ta ba da shaida."

Wansa ya yi ajiyar zuciya, ya ba shi haƙuri, ya tafi. Kafin sati ya zagayo an kwashe awakina an kai wa ƙanwarsa, wai don a rage mini wahala.

In aka tambaye ni me ya sa yake yi, ban san cikinsa ba. Abin da na lura bayan idona ya buɗe shi ne, duk ranar da wani ya yabe ni, washegari sai na yi mantuwa. Gidan ba ya ɗaukar mutum biyu da ake yabo. Kuma sunan da ya fi so a duniya shi ne mai haƙuri, ga shi mai haƙuri sai da wanda ake haƙuri da shi. Ni ce ya zaɓa.

Ban tafi ba. Ya taɓa gaya mini, cikin raha, cewa babu alƙalin da zai ba mai taɓin hankali riƙon 'ya'ya. Na zauna. Amma daga ranar na daina tambayarsa abin da na gani. In ya ce ba a yi ba, in ce to, in riƙe nawa a ciki. Wannan ne ya hana ni haukacewa da gaske. Abin da bai warke ba shi ne yarana. Sun tashi suna jin ana cewa ku bar innarku, ta manta. In na aike su sai su leƙa wurinsa su ji ko da gaske ne. Ni na goya su, ni na yi jinyar ƙyandarsu, amma maganata ba ta zama magana sai ya sa mata hannu.

Da ciwon ajali ya kama shi ni na yi ta ɗaga shi ina kwantarwa. Na jira ko zai ce wani abu, ko kalma ɗaya. Abin da ya ce shi ne na manta ban ba shi magani ba, alhali ɗacinsa na bakinsa. Da aka gama suturarsa aka kira ni in yafe masa, na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ban iya wuce nan ba. Masu ta'aziyya suka cika gida, kowace ta kama hannuna ta ce an yi rashi, bawan Allah ya yi haƙuri da ni. Na yi kuka har muryata ta dishe, suka ce ƙauna ce. Har yanzu ina kukan, ba na ɓoyewa. Yarinyar nan nake yi wa, mai ɓarar gyaɗa a gaban wuta, wadda ta yi dariya da kan zabuwa ya zama ba gashi.

Da na kawo nan Saratu ta ajiye alƙalami. Idonta ya yi ja. Ta ce, a hankali, da tausayi:

"Inna, kin tabbata haka aka yi? Ko dai kin manta ne? Baba fa…"

Har muryar irin tasa ce. Ban ga laifinta ba, da wannan aka shayar da ita. Na ce ta ɗauki alƙalaminta ta rubuta tambayar yadda ta yi ta, kada ta rage komai. Sannan na sa ta kwanto mini igiyar shanya. Idona ba ya gani sosai yanzu, yatsuna kuma sun ƙage, amma na ɗaura ta a ƙafar kujerar da take zaune, ban ko duba ba. Na ce ta ja. Ta ja, ya matse. Na ce ta duba ta gaya mini gefen da jelar take. Ta ce hagu.

Ban sani ba ko ta yarda. Namun daji ma sun ga ɓawon ƙwai da idonsu. Iya ba ta taɓa yi mini alkawarin za a yarda ba, abu ɗaya ta ba ni, kuma shi na riƙe har tsufa. Igiyar tana nan a ƙafar kujera, na ce kada wanda ya kwance ta. Na ɗaure akuyata. A rubuta haka.