Mai Sikeli da Mataki na Goma

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina shago ina auna wa wani magini ƙusa 'yar inci uku, wayata ta yi ƙara. 'Yarka ce, Mai Sikeli. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ce to. Na ƙarasa awon, na ƙulle leda, na miƙa wa mutumin. Sikelin da na yi awon da shi ma hannunka ne ya saita shi.

Mai Sikeli, na gaji. Mako uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni da bakina ke iya sayar wa mai rijiya ruwa, yau na rasa ta inda zan kama zancenka. Bari in fara daga inda ka fara kama ni.

Shekara goma sha shida da suka wuce na kawo maka sikelina gyara. Na duba dama da hagu, na rage murya, na ce ka ɗan karkata mini shi, ko nauyin ƙusa biyu ne a kowane kilo. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Nan gyara ake yi. Masu ɓatawa suna gaba." Har na juya, sai ka ƙara da cewa, "Amma mai irin kanka, zo ran Asabar da la'asar. Akwai inda za ka yi ha'incinka ba wanda zai cutu."

Na je, don in ga ƙarshen rainin hankali. A ɗakin bayan shagonka na tarar da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, an tokare ta da dutsen awo na rabin kilo. Manya uku na zaune: malamar lissafi, direban babbar mota, da wani tela. Kowa da takarda a gabansa, an rubuta jarumin da yake wakilta, da ƙarfinsa da rauninsa. Kai kake ba da labari, wata duniya ta dodanni da bokaye da garuruwan da suka nutse. Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa 'ya'yan lido masu fuska da yawa, su yanke ko ya dace ko ya faɗi. Wanda ya yi abin kirki ya sami maki, maki ya taru jarumi ya hau mataki, ƙarfinsa ya ƙaru. Matakai goma ne. Dokokin duka kai ka tsara su, a wani littafi mai baƙin bango.

Na zaɓi ɓarawo. Ba wanda ya yi mamaki.

Dokarka ta farko ita ce ba a hawa kyauta: duk matakin da ka taka, ka ɗauki abu ɗaya, ka ajiye ɗaya. Mayaƙin Direba ya sami ƙarfin ɓalle ƙofar gari, amma daga ranar bai sake shiga kasuwa an yi masa ragi ba, kowa tsoronsa yake ji. Bokanyar Malama ta koyi kiran ruwan sama, ta manta hanyar gidansu. Mun yi ta ƙorafi. Ka ce jarumin da ba abin da ke gagararsa ya gama mutuwa, binne shi ne kawai ba a yi ba.

Ni kuwa aikina neman rami. Da na ga an rubuta cewa duk abokin gabar da ka kayar akwai maki, sai na sa ɓarawona ya sayi kaji ɗari biyu, ya shelanta yaƙi a kansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tela ya yi dariya har ya ƙware. Kai ba ka yi ba. Ka ƙirga, ka ba ni makina cif, ka ce doka doka ce ko da ta ci mai ita. Asabar ta gaba na tarar ka yanko siririyar takarda ka liƙa a kan layin da gam: "Maki ba ya fitowa sai daga abin da zai iya kayar da kai." Ranar ka raɗa mini Gafiya. In haƙa, ka toshe. Littafin nan ya kumbura da faci har sai da roba yake rufuwa, kuma fiye da rabin facin nawa ne.

Ban manta shekarar da Direba ya yi hatsari ya kwanta wata huɗu ba. Sai ka tura mu cikin wata hamada inda ba dodo, ba dukiya, ba maki ko ɗaya, sai ƙishi da gardamar raƙuma. Na ce basirarka ta ƙare. Ranar da ya dawo da sanda yana ɗingishi, ranar muka hango gari. Ashe jiransa kake yi da mu, don kada ya dawo ya tarar an bar shi a baya. Da idon Tela ya fara rauni, ka sake rubuta masa takardarsa da manyan baƙaƙe, ka ce tsohuwar ce shayi ya zube mata.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Na kai mataki na tara, na tsaya cak shekara uku. Ba wanda ya taɓa kaiwa goma. Dokar goma tana cikin ambulan da ka liƙe a bangon ƙarshe, ka ce sai wanda ya isa zai buɗe. Na yi ta lissafin irin ƙarfin da ke ciki: ko ɓacewa, ko satar shekarun sarki. Kai kuwa kana ba da maki kamar mai cire haƙorinsa.

Sai bara hannunka ya buɗe. In buɗe kwaɗo, maki. In tsallake katanga, maki. Ɗan kasuwa ne ni. Na san in marowaci ya karya farashi da kansa, akwai abin da ke damun kayan ko mai kayan. Na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na ga ɗan lido yana zamewa daga yatsunka. Na ga ka fara tsayawa tsakiyar hukunci kana cewa, "Gafiya, in kai ne, yaya za ka yanke?" Duk na gani. Ban tambaya ba, don kada tambaya ta tsayar da garaɓasa.

Asabar ta ƙarshen Fabrairu na cika goma. Ka miƙo mini ambulan da reza. Layi biyu ne a ciki: "Wanda ya kai goma ba shi da sabon ƙarfi. Ya ajiye takardarsa, ya karɓi littafin, ya zauna a kujerar mai labari."

Na ce, "Shekara goma sha shida ina tara ƙarfi, ka biya ni da aiki? Wannan ko a kasuwa sunansa damfara."

Ka ce, "Gafiya, ba wanda ya san ramukan gidan nan kamarka. Wa zan ba wa?"

Na ce, "Ba wa kajin."

Na shuri takalmana na fita. Wannan ce maganar ƙarshe da ka ji daga bakina. Asabar biyu ban je ba. Ka kira sau biyu, na bar wayar tana ruri a cikin kwalin hinjin ƙofa, ina jira ka ƙara tayi.

Bayan an yi maka sutura, mai ɗakinka ta miƙo mini littafin a cikin jaka. Ta ce tun bara likita ya gaya maka, ka hana a faɗa mana, wai in mun sani za mu daina yi maka gardama. Malama ta duba takardar ambulan: tawadar ta koɗe, tun shekarar farko ka rubuta ta, ba dabarar yau ba ce. Sannan ta bi makina na bara da jan biro, ta ajiye biron ta ce, "Da gaskiya aka bi, sai ka ƙara shekara biyu." Kai da ka ƙi karkata mini sikeli nauyin ƙusa biyu, ka yi shekara guda kana karkata shi, don lokacinka bai kai jiran awon gaskiya ba.

Asabar biyu ɗakin yana kulle. Direba ya zo shago ya ce, "Ko ka zauna, ko mu ba 'yarsa mabuɗi a mai da shi sito." Na ce ban iya ba. Ya ce, "To ai shi ne maki, abin da zai iya kayar da kai."

Shekaranjiya na zauna. Kujerar ta yi mini tsayi. Na rikita sunan gari, na kashe dodon da ka riga ka kashe. Ba a yi awa ɗaya ba Tela, salihin nan, ya gano rami a dokar gada ya zura jaruminsa ciki yana murmushi. Na ba shi makinsa cif. Na yanko takarda zan liƙa, na tarar gam ɗinka ya bushe a kwalba. Nan wasan ya tsaya, har aka kira magariba. Jiya na sayo sabo.

Ka yafe mini, Mai Sikeli. Na zo, sai dai na zo a makare, kamar yadda na saba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ranar da za a kafa mizani, Allah Ya nauyaya naka, Ya sa rahamarSa ta rinjaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta haƙura ta bar mana kai duk Asabar, da 'yarka da mijinta, da ƙannenka, da duk mai awo a kasuwar nan da zai rasa inda zai kai sikelinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.