Kwantenar Mubarika

A unguwar Mamobi ta birnin Akara, idan aka yi rasuwa, kafin a gama wa mamaci wanka labari ya isa Kumasi da Yamai. Aikin Mubarika Salamu ne. Shekara shida ke nan da ta gina shafin sanarwar jana'iza na unguwa a intanet, ita kaɗai, a wata tsohuwar laftof da ba ta jin maganar kowa sai tata.

Bara likita ya ce idanunta suna dushewa, sai an yi aiki, kuma bai yi alkawarin komai ba. A motar tirotiro ta dawo tana tunanin wa zai riƙe shafin.

Zulkifli na unguwar Kanda, abokin karatunta, ya ce zai karɓa. Da ya sauke aikin a na'urarsa, ya ƙi tashi. Da ya tashi kuma, duk sunan da ke da ƙugiya ya lalace. Marigayi Ɗanjuma ya koma alamar tambaya.

"A wajena yana yi," in ji ta.

"To, Sista, in ɗauke ki in kai Kanda ke nan?"

Sai ta ce za ta sa komai a kwantena: fuskar shafin, da injin bayansa, da rumbun sunaye, kowanne a kulle da kayan aikinsa, yadda zai tashi iri ɗaya a kowace na'ura.

Mahaifiyarta, Hajiya Saratu, kwantena kawai ta ji. Washegari ga mai walda yana auna ƙofar gida.

"Za ki buɗe shago kamar 'ya'yan mutane," in ji Hajiya. "Madara da sikari, ko da lalube kya sayar."

"Mma, ba ta ƙarfe ba ce."

"Ta katako? Ruwan Akara zai cinye ta."

Mubarika ta yi dariya. Sai daga baya ta gane cewa tsohuwar ta daɗe tana shirya wa makantarta, ba ta dai faɗa ba.

Kwana tara ta yi tana rubutu da haruffa manya kamar na allon talla, hancinta kusan yana taɓa gilashi. Ranar Laraba Zulkifli ya zo, ya buga layi ɗaya a na'urarsa. Suka jira. Shafin ya buɗe, sunaye daidai.

Ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata, wani tsohon mahauci ya rasu a Nima, maƙwabciyar unguwarsu. Sanarwa ta fita daga na'urar Zulkifli kafin azahar. Da ta farfaɗo, ido a naɗe, Hajiya ta gaya mata. Ta tambayi sunansa, ta yi masa addu'a, ta nemi ruwa.